Cin abinci a ƙauyukan gaɓar tekun Ailan: ina ake kama tebur, kuma me za a tambaya?

Tambaya: "Ni likita ne, watana takwas da fara aiki a Limerick. A watan Yuli mahaifina da mahaifiyata za su zo daga Kano. Ina so in ɗauke su tare da maiɗakina da yaranmu biyu mu yi kwana biyar muna bin gaɓar teku ta yamma. An ce mini a ƙauyuka abincin kirki a mashaya yake. Waɗanne wurare ne ake iya kama tebur tun kafin a je? Kuma mu Musulmi me za mu ci?"

Amsa:

Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo su Baba lafiya. Na yi shekaru ina aiki a gidajen abinci na yammacin ƙasar nan, daga wanke kwanuka har na kai ga riƙe littafin da ake rubuta sunayen masu kama tebur, don haka zan ba ka amsa daga ɓangaren wanda ke ɗaga waya idan ka kira.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne. A ƙauyen da mutanensa ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, sau da yawa mashaya ce kaɗai wurin da ake dafa abincin sayarwa da yamma. A wurinsu tamkar zaure ce: nan ake taruwa bayan jana'iza, nan ake kallon wasan ƙwallo, nan masunci ke jin labarin farashin kifi. Sama da mashaya 2,000 sun rufe a ƙasar tun daga 2005, yawancinsu a karkara, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira a bakin teku abinci ne ya tsirar da su. Tun Maris 2004 aka hana shan taba a ciki, don haka ba za ka tarar da hayaƙi ba. Da ƙarfe shida na yamma abin da za ka gani shi ne iyalai da yara da tsofaffi suna cin kifi da dankali. Hayaniyar masu sha sai can bayan tara.

Duk da haka wuri ne da ake sayar da giya, kuma ban isa in ba ka fatawa ba. Ka san hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake zagayawa da giya, ka kuma san yadda malamai ke bayani a kansa. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda wuraren suke. Yawancin mashayan da suka yi suna da abinci suna da ɓangare biyu: gaba, inda kantar giya take, da ɗakin cin abinci a baya ko a sama, wani lokaci da ƙofarsa daban. Kuma ka sani ko gidan abinci zalla ka shiga, za ka ga kwalbar ruwan inabi a teburin maƙwabcinka, domin kusan babu inda ba a sayar da ita. Shawarata ita ce ka yi wa Baba bayani tun a gida kafin ku fita. Na taɓa ganin wani dattijo namu ya tsaya cak a bakin ƙofa da ya hango famfunan giya, aka yi ta lallashi, ƙarshe a mota ya ci abincinsa. Da an gaya masa tun farko an nema masa tebur a waje, da ba a kai ga haka ba.

Wannan rabuwar ta ɓangare biyu ita ce ginshiƙin amsar tambayarka. Al'adar da ta fi yawa ita ce ɗakin cin abinci ana kama masa tebur, ɓangaren kanta kuwa wanda ya riga zuwa shi ya samu. Ke nan idan ka kira ka kama tebur, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ka samu wurin zama tabbatacce, ka kuma nisanta daga kanta. Ku shida ne. Mutum biyu za su iya faɗawa ko'ina a matsa musu, amma mutum shida a watan Yuli, a ɗakin da teburansa ba su wuce goma sha biyu ba, in ba a rubuta sunanka ba sai dai ka ji "sai bayan awa ɗaya da rabi", ko a ce an cika gaba ɗaya.

Abu na biyu, wanda ya fi cin baƙi, shi ne lokaci. A Yuli rana ba ta faɗuwa a yammacin Ailan sai wajen ƙarfe goma na dare. Idon Bahaushe da ya saba cin tuwo bayan Isha'i zai ga rana tsaka a sama ya ɗauka da sauran lokaci, alhali masu girki sun fara goge murhu. Yawancin kicin na karkara suna karɓar odar ƙarshe tsakanin takwas da rabi da tara. Mashayar za ta ci gaba da aiki har sha ɗaya da rabi, amma babu abinci. Shekarata ta farko a nan na kai wasu baƙi wani ƙauye a Kerry, muka tsaya ɗaukar hoto a kan tsauni, muka isa da ƙarfe tara da minti goma. Matar da ke wurin ta ba mu haƙuri da fara'arta, ta ce mai girki ya tafi gida. Abincin darenmu ranar shi ne fakitin soyayyen dankali na Tayto da gyaɗa, sai burodi da madara da muka saya a gidan mai. Har yau ɗaya daga cikinsu in ya kira ni sai ya tuna mini. Ka kama teburinka tsakanin shida da bakwai. La'asar tana shiga wajen ƙarfe shida a wannan watan, Magariba kuwa sai kusan goma, saboda haka za ku yi salla, ku ci abinci a natse, ku koma masauki kafin Magariba.

Akwai kuma doka a kan yara. Yaron da bai kai shekara 15 ba sai tare da iyayensa yake zama a mashaya, kuma dole ya fita da ƙarfe tara na dare, sai dai daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba an ƙara zuwa goma. Mai wurin yana da ikon sa nasa sharaɗin da ya fi wannan tsauri. Idan ka kira, ka faɗi shekarun yaranka.

Yanzu ga wuraren. Hanyar gaɓar yamma da suke kira Wild Atlantic Way, wadda aka ƙaddamar a 2014, ta kai kilomita 2,500 daga Donegal a arewa har Kinsale a kudu. Kwana biyar ba za su ishe ka ko rabinta ba, musamman da tsofaffi a mota. Daga Limerick zaɓi biyu gare ka: arewa zuwa Clare da Connemara, ko kudu zuwa Kerry da yammacin Cork. Ni da ni ne, arewa zan bi, domin tuƙin ya fi gajarta kuma wuraren cin kifi sun fi kusa da juna.

A Clare, kusa da tsaunukan Moher waɗanda tsayinsu ya kai mita 214 a kan teku, akwai ƙauyen Liscannor inda Vaughan's Anchor Inn yake. Ya daɗe da yin suna da kifi, yana karɓar masu kama tebur, kuma ya fi kama da gidan abinci fiye da mashaya. Doolin na gaba kaɗan, ƙauye ne da ya shahara da kiɗan gargajiya, da mashaya uku da kowa ya sani: Gus O'Connor's, wadda aka kafa a 1832, da McGann's da McDermott's. Gaskiya ba nan zan kai su Baba da dare ba. Cunkoso ne da goge da sarewa da masu yawon buɗe ido daga Amurka da Jamus. Da rana dai, kafin ko bayan jirgin ruwan da ke zuwa tsibiran Aran, babu laifi. In ka bi hanyar bakin teku ka zagaya duwatsun Burren, za ka iso Ballyvaughan inda Monks yake a bakin tashar jiragen ruwa, sannan gaba kaɗan New Quay, inda Linnane's Lobster Bar yake. Wannan na ƙarshen ina sonsa. Bayan ginin ruwa ne kai tsaye, kana zaune kana ganin ƙananan jiragen masunta, kuma wurin a buɗe yake da haske, ba irin duhun tsofaffin mashaya ba. Ka nemi tebur kusa da taga.

Kafin ka shiga birnin Galway akwai Kilcolgan, inda Moran's Oyster Cottage yake a bakin kogi. Gida ne mai rufin ciyawa da zuriya ɗaya ke riƙe da shi fiye da shekara 200. Sunansa ya samo asali daga kawa, wannan halittar ruwa mai ɓawo biyu, wadda suke ci ɗanya da ɗan lemun tsami. Kawar asalin yankin daga Satumba zuwa Afrilu ake samunta, shi ya sa bikin kawa na Galway, wanda aka fara a 1954, yake faɗowa a ƙarshen Satumba. A Yuli wata iri ce ta kiwo za a kawo muku. Ban taɓa ganin Bakanon da ya haɗiye ta ɗanya karon farko bai ɓata fuska ba, don haka ka sa a gasa musu, ko ka nema wa Hajiya kifin salmon ko kaguwa da burodinsu mai ruwan ƙasa. A Connemara kuma akwai O'Dowd's a ƙauyen Roundstone, yana kallon tashar jiragen ruwa da duwatsun Twelve Bens daga nesa. Ƙaramin wuri ne, ka kira shi da wuri.

Idan kudu ta fi jan hankalinka, a garin Dingle akwai Out of the Blue, wani ɗan gini mai fentin shuɗi a bakin tasha. Kifi da kayan teku kawai suke dafawa, ba sa soya dankali, kuma sun shahara da cewa in jiragen ruwa ba su kawo sabon kifi ba, ba sa buɗewa. Ga Musulmi wannan sauƙi ne, tunda babu nama a tsarin abincin, amma kada ka je ba ka kama tebur ba. Ka lura yankin Dingle na masu jin harshen asalin ƙasar ne, allunan hanya da yawa An Daingean za su rubuta. A Portmagee, inda ake hawa jirgi zuwa tsibirin Skellig Michael, akwai The Moorings. Can yammacin Cork, a ƙauyen Baltimore, akwai Dede, na wani mai girki ɗan Turkiyya mai suna Ahmet Dede, wanda ya samu tauraruwar Michelin ta biyu a 2023, wato lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci. Irin wannan wurin makonni kafin lokaci ake kama shi, kuɗinsa na da nauyi, kuma cin abincin yakan ɗauki awanni, bai dace da yara ba. Kasancewar mai girki Baturke ne kuma ba ya nufin naman halal ne, tambaya za ka yi kamar ko'ina. Shi wannan Baltimore ɗin yana da labarin da Baba zai ji daɗinsa: a 1631 'yan fashin teku daga Aljeriya suka dira ƙauyen cikin dare suka kwashi mutum sama da ɗari zuwa Aljiyas. Har yau akwai mashaya a garin mai suna Algiers Inn. A Kinsale kuwa akwai Fishy Fishy, da Bulman a Summercove, amma Kinsale gari ne sosai, ba za ka rasa abinci ba.

Sharuɗɗan kowane wuri kan canza daga shekara zuwa shekara, wani ya daina karɓar masu kama tebur a lokacin cunkoso, wani ya koma rufewa Litinin da Talata saboda ƙarancin ma'aikata. Don haka ko ka ga ana iya kamawa ta intanet, ta OpenTable ko ResDiary ko shafin wurin, ni dai waya nake ba da shawara. Manhajojin sukan ƙi karɓar fiye da mutum huɗu ko shida, kuma sukan nuna an cika alhali mai wurin ya ɓoye tebur ɗaya ko biyu don mutanen gari da masu kira. Ka kira tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, bayan an gama hidimar rana kafin a shiga ta dare. In ka kira da ɗaya da rabi, yarinyar da za ta ɗauka tana riƙe da faranti uku, ba za ta saurare ka ba. Na daren Juma'a da Asabar ka kama mako biyu ko uku kafin lokaci, na tsakiyar mako kwana uku zuwa biyar sun isa. Da za ku kai farkon Agusta, ka kiyayi ƙarshen makon da Litinin ɗin farko ta watan ke biye da shi, hutun ƙasa ne, kowa na bakin teku.

To, ga inda na fi so ka tsaya ka karanta da kyau, batun abin da ke cikin tukunya. Mu da muke bin Malikiyya muna da sauƙi, domin a mazhabarmu duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi ne ko kaguwa ko jatan lande ko masu ɓawo, bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Matsalar tana cikin abin da ake haɗa kifin da shi. Miyar nan mai kauri ta kifi da madara da suke kira chowder, wadda za ka gani a kowane wuri, sau da yawa da soyayyen naman alade ake fara ta, a zuba farar giyar inabi. Da safe ake dafa ta a babbar tukunya ɗaya ta yini guda, don haka babu yadda za a cire maka. Ko dai tasu babu, ko ka haƙura. Baƙaƙen ƙumba da suke kira mussels kuwa, waɗanda ake kiwo a Killary da Bantry, su ma da giyar inabi ko ta tuffa ake turara su, amma kowane faranti a lokacin da aka yi oda ake dafa shi, cikin minti biyar. Mai girki zai iya yi maka da man shanu da tafarnuwa da madara kawai, kuma yawancinsu ba sa ƙi. Ka ga bambancin? Abin da ake dafawa nan take ana iya gyara shi, abin da aka haɗa tun safe ba a iyawa.

Haka soyayyen kifi da dankali. Ƙullun fulawar da ake tsoma kifin a ciki a wurare da yawa da giya ake kwaɓa shi, kuma man da ake suya a ciki wataƙila an soya tsiran alade a cikinsa don abincin yara. Mafita ita ce ka ce a gasa ko a soya maka kifin a kasko da man shanu, a kawo dafaffen dankali. Kifayen da suke kira hake da cod da monkfish da plaice duk suna yin daɗi haka. Naman ƙumbar da suke kira scallops al'ada ce a ɗora shi a kan black pudding, wanda tsiran jini ne. Kalmomin bacon da pancetta da chorizo da lardons duk alade ne. Burodi mai ruwan ƙasa wani lokaci ana zuba masa baƙar giyar Guinness, farfesun naman shanu kuwa kusan kullum da ita ake yi, ga shi naman ma ba yankan Musulmi ba ne. A kayan zaƙi ka kula da sunan Baileys da sherry da whiskey, duk giya ne.

Wani abu yakan yaudari mutanenmu. Doka ta tilasta wa gidajen abinci rubuta abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar alkama da madara da gyaɗa da ƙwai, shi ya sa za ka ga ƙananan lambobi a gefen kowane abinci. Alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun nan. Rashin lamba ba shaida ba ce. Ka tambaya da bakinka, kuma ka ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya. In ka ce "halal" kawai, yaron da ke hidima, wanda wataƙila ɗalibi ne mai aikin hutu, zai ce maka kifi ne ai, babu matsala, da zuciya ɗaya. Ka ce ba ku cin alade ko kitsensa, ba ku cin abin da aka dafa da kowace irin giya, a tambayo mai girki. Mafi kyau ka faɗi haka tun a waya. Mu a wurinmu ana rubuta shi a gefen sunan mutum a littafi, mai girki ya gani tun ƙarfe huɗu, ya ware ɗan romo kafin ya zuba giya a sauran. Wanda ya faɗa tun da wuri yakan ci abin da ya fi na wanda ya faɗa yana zaune.

Kuɗi kuwa, ka yi lissafin Yuro 20 zuwa 30 na farantin kifi a irin waɗannan wuraren, ban da masu tauraruwa. Ruwan famfo kyauta ne in ka nema. Wasu za su karɓi lambar katinka don tabbatar da teburin, su cire wani abu in ba ka zo ba. Kada ka ji haushi. Na ga daren Asabar a Agusta da aka haɗa tebura biyu don mutum takwas, aka mayar da iyalai uku daga ƙofa saboda su, suka ƙi zuwa, wayarsu a kashe. Wurin da cinikin wata huɗu ke ciyar da shi shekara guda, wannan asara ce ta gaske. In shirinku ya canza ka kira ka sanar, ko da awa biyu ne kafin lokaci. In za ku makara fiye da minti goma sha biyar ma ka kira, domin bayan haka sukan ba wani teburin. Kyautar ma'aikata kashi goma cikin ɗari ta wadatar, amma ka duba takardar kuɗi, wasu wuraren suna ƙara kuɗin hidima da kansu ga tebur mai mutum shida zuwa sama.

Makara kuwa a hanyoyin nan abu ne mai sauƙi. Tun Fabrairu 2025 iyakar gudu a ƙananan hanyoyin karkara ta koma kilomita 60 a awa, kuma ko ita ba za ka kai ba a bayan tarakta ko garken tumaki a Connemara. Duk abin da taswirar waya ta ce, ƙara masa kashi ɗaya cikin uku. Ka nemi Eircode na wurin, wato lambar adireshinsa da ake sa wa taswirar waya, idan ka kira, domin gidajen karkara ba su da lamba, ka kuma sauke taswirar a wayarka tun kana da sabis. In kuma zuciya ta raya maka ku ƙarasa Donegal, ku bi ta Sligo. Wasu hanyoyin suna ratsa Ailan ta Arewa, wadda ƙarƙashin Birtaniya take, kuma bizar da su Baba za su zo da ita ba ta ba su izinin shiga can ba, ko da yake babu shinge a kan iyakar.

Naman halal a ƙauyukan gaɓa kada ka sa rai. In su Baba sun gaji da kifi, kuma za su gaji a kwana na uku, ka kama masauki mai kicin ko da na dare biyu ne, ka taho da nama daga shagunan halal na Limerick ko Galway a cikin kula, da ɗan yaji da garin tuwo. Da rana kuma ba sai ka kama tebur ba, kusan kowace tashar jiragen ruwa a Yuli tana da ɗan shago ko motar sayar da kifi, ku saya ku zauna a kan katangar tasha. Sai dai a riƙe abincin da kyau, tsuntsayen tekun wurin ba su da kunya, na ga ɗaya ya fizge kifi daga hannun yaro yana shirin kai wa baki. Ka ce wa Hajiya ta zo da rigar sanyi mai kauri, Yulin nan ma akwai sanyi kamar na Kano a Janairu, ga iska da yayyafi.